Shin Laifi Ne A Ba Yaro Aron Kyamara?

A Sallar Gani da ta wuce na je gida Daura. Da yamma, bayan an sauka daga hawa, ina zaune a ƙofar gidan yayata sai ɗanta na fari, yaro ɗan shekara 19, ya matso kusa da ni yana sosa ƙeya. Ya ce, "Kawu, tunda kai ne mai sharhin fim, don Allah duba mini wannan. Amma fa kada ka yi mini dariya." Ya miƙo mini wata waya da gilashinta ya tsage gida uku.

Abin bai wuce minti biyu ba. Na zaci irin hotunan hawa ne da kowa ke ɗauka, dawaki da ƙura da 'yan bindiga, shi ke nan. Ashe yaron nan ya ƙyale mahayan, ya bi wani tsohon zagi. Ya ɗauki ƙafafunsa cikin ƙura, ya ɗauki zufar da ke bin wuyansa, sannan ya yanke zuwa fuskar wata yarinya da ke kan kafaɗar babanta tana kallon tsohon, baki buɗe. Wallahi na sha kallon finafinan da aka kashe wa miliyoyi waɗanda babu fitowa ɗaya a cikinsu da ta kai wannan. Sautin ne dai ya lalace, iska ta cinye shi, sai ya ɗora wani kiɗan Indiya a kai don ya rufe ɓarnar.

Na ce masa, "Wa ya koya maka?" Ya ce babu. Na ce, "Me ka ƙara yi?" Sai ya yi shiru. Da na matsa, ya buɗe mini wani. Jawabin wani ɗan siyasa ne aka ba shi ya yayyanka, ya haɗa wannan kalma da waccan har mutumin ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Yaron wani abokin hamayyarsa ne ya ba shi aikin, ya biya shi Naira 3,000 da katin data. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne aikin ya yi kyau. Hannun da ya ɗauki tsohon zagi shi ne dai ya ƙera wannan ƙarya, kuma da ƙwarewa iri ɗaya.

Tun daga ranar wata tambaya take cina, ita ce kuma nake so mu tattauna da mai karatu a wannan wata. Shin daidai ne al'umma ta ɗauki kuɗinta ta sayi kyamara da kwamfuta da makirufo, ta ajiye a laburare, ta ce duk matashin da yake so ya zo ya koya kyauta? Ko kuwa yin haka tamkar miƙa wa yaro wuƙa ne? In ya yanki wani, alhakin a wuyan wa?

Na san wani zai ce me ya haɗa laburare da kyamara? A saninmu laburare wuri ne na yin tsit, inda masu shirin jarrabawa ke zuwa da littattafansu, tsofaffin ma'aikata kuma su zo karanta jarida. Lokacin da nake karatun difloma a fannin aikin jarida akwai wani laburare da nake zuwa, ba zan kama suna ba. A ciki akwai wani ɗaki da ake leƙawa ta taga, cike da kwamfutoci an lulluɓe su da leda. Duk sanda na tambaya sai a ce oga ya tafi da makulli. Ranar da aka buɗe ɗakin a gabana ita ce ranar da wasu manyan baƙi suka zo zagaye. Aka yaye ledar, aka tayar da janareto, aka ɗauki hoto, suna fita aka mayar da kwaɗo. Mu mutanen Daura ai mun san irin wannan labari. Tun muna yara ake ba mu tarihin rijiyar Kusugu, wadda ga ruwa a cikinta amma maciji ya hana a ɗiba sai ranar Juma'a. To macijin namu na yanzu tsoro ne: tsoron kada yara su lalata kayan, da tsoron kada kayan su lalata yara.

A wasu ƙasashen an daɗe da tsallake wannan tsoro. A shekarar 2009 babban laburaren birnin Shikago da ke Amurka ya ware wani sashe a ƙasan bene ya kira shi YOUmedia, domin 'yan sakandare kawai. Aka zuba littattafai da kwamfutoci da kyamarori da ɗakin ɗaukar sauti, aka kuma yarda a yi hayaniya. Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne mutanen da aka ɗauka su zauna da yaran: mawaƙa, masu zane, masu ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikinsu shi ne wani marubucin waƙa mai suna Mike Hawkins, wanda yaran ke kira Brother Mike, ya rasu a 2014. Cikin yaran da suka riƙa zuwa wurin har da wani da makarantarsu ta dakatar na kwana 10 saboda an kama shi da wiwi. Laburare bai kore shi ba. A can ya yi wani ɓangare na aikin faifansa na farko. Shi ne Chance the Rapper, wanda ya ci kyautar Grammy har uku a 2017. A Helsinki ta ƙasar Finland kuwa, laburaren Oodi da aka buɗe a watan Disamba na 2018 yana da situdiyon kiɗa da kekunan ɗinki da injinan buga kaya, duk don amfanin mai katin laburare.

Ba na cewa waƙoƙin wancan yaro na Shikago su ne abin koyi ga 'ya'yanmu. Akwai abubuwa da yawa a cikinsu da tarbiyyarmu ba za ta ɗauka ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yaron da ya fara karkacewa ya sami ƙofa a buɗe, ya kuma sami babba zaune a ciki.

Da daddare na kawo wa mijin yayata wannan zance. Mutum ne mai karatun addini, ɗan kasuwa, kuma ba ya magana da ka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai da kake rubutu a kan 'yan fim ai ka fi kowa sanin abin da kyamara ta jawo mana. Yanzu da wayar Naira dubu kaɗan ma ga abin da yaron nan ya yi. In gwamnati ta ba shi babbar kyamara da kwamfuta fa? Ai ka ƙara wa ɓarawo tsani ke nan. Sannan da kuɗin jama'a za a saya, da harajina a ciki. Duk ɓarnar da aka yi da kayan ina da kamasho. Gara in san ban sa hannu ba."

Wannan magana ba ta yarwa ba ce, kuma ba shi kaɗai ke da ita ba. Ita ce ta yi nasara a 2016, lokacin da gwamnatin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garinmu, ta shirya gina alƙaryar fim a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji a Jihar Kano, har da makarantar koyar da aikin fim a ciki. Malamai suka hau mumbari, jama'a suka yi ca, gwamnati ta janye. Masu adawar nan ba mahaukata ba ne. Sun tuna abin da ya faru a 2007, sa'ad da wani hoton batsa ya bazu a Kano ya girgiza industiri gaba ɗaya, har aka dakatar da shirya fim na watanni, aka ɗaure wasu, wasu suka yi hijira zuwa Kaduna.

Amma mai karatu, mu tsaya mu duba. Wancan hoto na 2007 da me aka ɗauke shi? Da wayar hannu, a ɓoye, inda babu darakta, babu malami, babu kowa. Kuma tun da aka soke alƙaryar Kofa, shin yara sun daina ɗaukar hoto? Sai ma abin ya ninka. Ga YouTube, ga TikTok, ga Facebook, kowane yaro da tasharsa a aljihu. Abin da sokewar ta hana shi ne ajin da za a zaunar da yaro a ce masa wannan ya dace, wannan bai dace ba. Kyamarar kuwa ta riga ta shigo gida, tana ƙarƙashin matashin kai.

A nan ne nake ganin lissafin surukin nawa ya ɗan kauce. Yana ɗauka zaɓi biyu ne a gabanmu, ko yaro ya sami kayan aiki ko kada ya samu. Wannan zaɓi ya wuce mu tuntuni. Wanda ya rage shi ne ko yaro ya riƙe kayan shi kaɗai a ɗaki da ƙarfe 2:00 na dare, ko ya riƙe su da rana tsaka a gaban wani babba da zai iya ce masa, "Kai, ajiye nan, ba a yin haka." Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba. Amma hankali yana ba ni cewa in mai ba da aron wuƙa yana da alhaki, to wanda ya ga yaro riƙe da wuƙa ya kau da kai don kada a ce ya sa hannu, shi ma bai fita ba. Cire hannu yana kwantar wa mutum da hankali, amma ba ya raba yaron da wuƙar.

Tarihin adabinmu ma shaida ne. A 1933 Abubakar Imam matashi ne ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina, lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zagayo yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A 1936 East ya sa aka ba da aron Imam zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labarun Larabawa da na Indiya da na Turai, suka zauna suna aiki tare har aka sami Magana Jari Ce. A 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Me aka ba shi in ban da ɗaki, da littattafai, da injin ɗab'i, da mutumin da zai duba aikinsa ya ce gyara nan? Injin ɗab'i a wancan zamani shi ne kyamarar yau, kuma ba a rasa masu ɗari-ɗari da shi a matsayin kayan Nasara ba. Turawan suna da tasu manufa, wannan ba a musu. Amma da an bar Imam da alli da allo a Katsina, da yau me za mu karanta wa 'ya'yanmu?

Kusa da mu ma, a Kaduna, wasu yara 'yan uwan juna da ke kiran kansu The Critics sun yi ta shirya gajerun finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da wani ƙyalle kore, suna koyon haɗa hoto daga intanet. A 2019 duniya ta san da su, daga baya har fitaccen daraktan Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Labari ne mai daɗi, amma ni yana sa ni jin kunya. Sai da wani daga Amurka ya gani kafin su sami kyamara. Yara nawa ne irinsu a Sandamu ko Baure da babu wanda zai taɓa jin ɗuriyarsu?

Wani zai ce ai mu Hausawa muna da namu tsarin na koyon sana'a, wato bin ubangida. Gaskiya ne. Ɗan amshi yana bin makaɗi shekara da shekaru har ya kafa nasa kalangu. Kannywood ma tun daga Turmin Danya na 1990 a haka ta ginu: ka zama yaron wane, ka ɗauki jaka, ka riƙe fitila a lokeshin, wata rana a ba ka fitowa ɗaya. Kuma masu fasaha ba su taɓa rabuwa da iyayen gida ba. Marigayi Mamman Shata ba ɗan Daura ba ne, amma da ya rasu a 1999 a Daura aka binne shi, saboda amanar da ke tsakaninsa da marigayi Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Wannan kyakkyawar fuskar tsarin ke nan.

Sai dai tsarin yana da ɗaya fuskar, ita ce na gani a wayar ɗan yayata. Ubangida yana ba ka kayan aiki, kai kuma ka ba shi bakinka. In mutumin kirki ne ka dace. In ɗan siyasa ne mai neman wanda zai ɓata masa abokin hamayya, to ka zama karen farautarsa. Kuma sai mai hanya yake samun ubangidan kirki. Ɗan talakan da ke ƙauyen Zango bai san kowa a Zoo Road ba. A nan laburare ya bambanta da kowane gida. Shi ba ya cewa ka yi masa waƙa. Ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Sharaɗinsa ɗaya ne, ka karɓa lafiya ka mayar lafiya don na bayanka ya samu. Wannan kansa tarbiyya ce, domin yaron da ya saba sa hannu a littafi ya karɓi kyamarar jama'a, ya dawo da ita ranar da aka ce, ya koyi riƙon amana kafin ya koyi ɗaukar hoto.

Sannan ga 'yan mata. Wane uba ne a Daura zai bar 'yarsa ta je situdiyon wani saurayi a lungu da sunan koyon haɗa hoto? Ni ma ba zan bari ba. Amma laburare da rana, da ranar mata ta musamman, da mace mai koyarwa, wannan uba zai iya yarda. Mata su ne suka riƙe adabin kasuwar Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa, saboda biro da takarda suna shiga har cikin ɗaki. Amma je ka lokeshin ka ƙirga matan da ke bayan kyamara ko a kan kwamfutar editin. Ba basira suka rasa ba, wurin koyo mai mutunci ne babu.

Akwai wata suka da ta fi ta surukina nauyi a wurina. Mutane na fama da abin da za su ci, ga matsalar tsaro a sassan jiharmu, ga makarantun firamare da yara ke zaune a ƙasa. A cikin wannan hali ne za a ce a sayi kyamara? Ba zan ce kyamara ta fi buhun gero ba. Amma a duba abin da ake magana a kai: ɗaki ɗaya, kwamfuta huɗu ko biyar, kyamara biyu, makirufo, sola, da albashin mutum biyu. Bai kai kuɗin motar babban jami'i guda ba. Kuma sana'a ce ake ci da ita. Masu ɗaukar biki, masu yi wa 'yan kasuwa talla, masu naɗar karatun malamai a watan azumi, duk da wannan ilmi suke ciyar da gidajensu. Daura ta sami Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a ƙarshen shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Alhamdu lillahi. Amma waɗannan ƙofofi sai mai takardar sakandare mai kyau da makin JAMB. Wanda ya faɗi lissafi sau biyu, ko almajirin da ya sauke Alƙur'ani yana kuma da ido irin na ɗan yayata, ina za shi?

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Haka ne, ba kuwa cewa aka yi yaro ya dawwama a kan aro ba. Andrew Carnegie yana ɗan aike a Amurka lokacin da wani Kanar James Anderson ya buɗe wa yara 'yan ƙwadago ɗakin littattafansa guda 400, suna ara duk ranar Asabar. Da Carnegie ya yi arziki sai ya gina laburare 2,509 a faɗin duniya. Mu ma a addininmu mun san ilmin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa. Attajiranmu sun iya gina masallaci da haƙa rijiya, Allah ya saka musu. Ko akwai wanda zai yi waƙafin ɗakin koyon sana'ar zamani?

Ba zan yaudari mai karatu ba. In aka buɗe irin wannan ɗaki, wata rana sai wani yaro ya koyi aiki a ciki ya je ya yi abin kunya da shi. Sai an saci wani abu. Ranar kuwa masu cewa "ai dama mun faɗa" za su yi yawa. Amma makarantar allo ma ta yaye wanda ya koma rubuta layar damfara, ba a kuma rufe makarantun allo ba. Abin da zai kare ɗakin shi ne wanda aka damƙa wa shi. In aka ba wani don ɗan uwan wane ne, to leda da kwaɗo za su dawo. A nemo wanda ya iya aikin, yake kuma son yara, a sa limamin unguwa da iyaye mata cikin masu sa ido, a rubuta dokoki a manna a bango. Manyan 'yan fim kuma su riƙa leƙowa. Ali Nuhu da aka naɗa shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya a 2024 ya fi kowa sanin amfanin jan yaro a jiki, kuma hukumar tana da makarantar fim a Jos da za ta iya horar da masu koyarwa.

Aikin yi kuwa ga shi nan jibge. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa. Akwai tsofaffin da suka san yadda sarautar Haɓe ta zauna a Zango bayan jihadi har aka dawo da ita Daura a 1906. Akwai dukawa da maƙera da masu kiɗan fada da ke tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke kansu. Akwai kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa da zirga-zirgar bakin iyaka a Kongolom. In an ba yara aikin naɗar waɗannan, aka ajiye a laburaren, nan da shekara 20 sai an zo daga jami'o'i ana neman kallo. Ina kyautata zaton Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar ba zai ƙi sa wa irin wannan aiki albarka ba.

Kafin in baro gida na zaunar da ɗan yayata na nuna masa yadda ake kare makirufo daga iska da ɗan guntun soso, na kuma gaya masa abin da nake gani game da wancan jawabi da ya yanka. Ya sunkuyar da kai, ya ce ba zai ƙara ba. Na yarda da shi. Amma ni ina zuwa Daura ne sau uku ko huɗu a shekara, shi kuwa mai Naira 3,000 yana nan a bakin layinsu kullum, ga zaɓe na matsowa. Babansa har yanzu bai sauka daga ra'ayinsa ba, ko da yake da na nuna masa hoton tsohon zagin sai da ya ce a maimaita masa. Ya kalla sau biyu, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Wai shi ya ɗauki wannan?"

Allah ya shirya mana zuriya, ya kuma ba mu ikon tsayawa a kansu. Sai wata mai zuwa in muna da rabon ganawa.